Sabuntawar Dole a Second Life: Wa Ke da Ikon Cewa Kwamfutarka Ta Tsufa?

A watan Janairun 2018 kamfanin Linden Lab da ke San Francisco ya fitar da sabuwar manhajar kallon duniyarsa ta Second Life, ya raɗa mata suna Alex Ivy. Ita ce ta farko mai bit 64 da kamfanin ya fitar a hukumance, kuma ta zo da wata 'yar manhaja maƙale a jikinta mai suna SL_Launcher. Daga nan, idan ka danna alamar Second Life a fuskar kwamfutarka, wannan 'yar manhajar ce ke fara farkawa. Sai ta tambayi kamfanin ko akwai sabon bugu, ta leƙa irin Windows ɗin da kake da shi da irin katin zanen da ke cikin na'urarka, sannan ta yanke wace manhaja ta dace da kai. Wani lokaci ta buɗe maka hanya, wani lokaci ta ce ba inda za ka sai ka sauke sabuwa.

Gardamar da ke bayan wannan ta girmi SL_Launcher, kuma har yau ba ta kwanta ba. Shin daidai ne mai duniyar ya tilasta wa kowa sabuntawa, ko da sabuntawar za ta bar masu tsofaffin katunan zane a waje?

Second Life ta buɗe ƙofa ne a 2003. Duniya ce ta cikin kwamfuta wadda mazaunanta ke gina kusan komai da hannunsu: gidaje, tufafi, motoci, wuraren kiɗa, har da jikin surar da ke wakiltar kowane mutum. Manyan kwamfutocin kamfanin suna riƙe da bayanan. Aikin zana hoton yana wuyan na'urarka, kuma manhajar kallo na magana da katin zane ta wani yare da ake kira OpenGL, wanda ya samo asali tun 1992. Tsakanin manhajar da katin akwai direba, wato manhajar da Nvidia ko AMD ko Intel suka rubuta wa katinsu. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa, sai ka ga baƙin allo, ko manhajar ta rufe kanta kafin ma ka rubuta sunanka. Ga kuma wani nauyi da wasannin bidiyo na kasuwa ba su san shi ba. A can ƙwararru ne ke auna kowane bango da kowace bishiya don kada su yi wa kati nauyi. A Second Life kuwa mai sayar da zobe zai iya lafta masa manyan hotuna guda goma, mutum ya saya ya sa, ya shigo taro, katin kowa ya ɗauki dakonsa.

Abin da ya faru da Intel HD 3000 ya nuna dalilin da ya sa aka ga bukatar SL_Launcher. Wannan katin ba ma kati ba ne mai zaman kansa, yana cikin ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na biyu da ta fito a 2011, kuma an sayar da kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ɗauke da shi ba adadi. Da Windows 10 ya fito a 2015, Intel bai rubuta masa sabon direba ba. Tsohon direban yana aiki, amma da wani mugun hali: idan manhaja ta shaida wa tsarin cewa ita ta Windows 10 ce, sai ya ƙi ba ta OpenGL ɗinsa, ta faɗa kan wani tsohon tanadi na Microsoft da bai wuce OpenGL 1.1 ba, wanda ba zai iya zana Second Life ba ko kusa. Masu wasan Minecraft ma sun ɗanɗana irin wannan. To yaya za ka bayyana wa malamar makaranta mai ritaya, wadda ta shigo don sauraron waƙa da hira da ƙawayenta, cewa Windows ɗinta mai bit 64 ne amma ta sauke manhaja mai bit 32? Ba za ka iya ba. Sai aka ɗora wa 'yar manhajar tayarwa ta gano katin da kanta, ta ɗauko mata abin da zai tashi. A nan kam ta yi abin kirki.

Masu goyon bayan sabuntawar dole suna da hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ina ganin ita ce ginshiƙin maganarsu. Manhajar rubutu taka ce kai kaɗai, in ka ga dama ka zauna kan ta shekara goma da suka wuce, babu wanda ka tauye. Duniyar da mutane da yawa ke tarayya a cikinta ba haka take ba. A 2011 aka shigo da mesh, wato damar ƙera abu a wata manhaja ta waje irin su Blender a ɗora shi cikin duniyar. Wanda ya tsaya kan tsohuwar manhajar kallo sai ya riƙa ganin mutane sanye da wasu dunƙule-dunƙule marasa kan gado, ko ya ga gini babu rabinsa. A 2013 kuma aka mayar da haɗa kamannin sura daga na'urar mutum zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, tsofaffin manhajoji suka koma ganin kowa toka-toka. Haka aka yi ta yi da Bento a 2016, da Animesh a 2018, da Bakes on Mesh a 2019. Mai ɗinka rigunan mesh tana sayarwa da dalar Linden, kuɗin da ake canzawa zuwa dalar Amurka ta gaske, wasu da shi suke biyan haya. Muddin kaso mai tsoka na masu saye ba sa ganin rigarta yadda ta ɗinka ta, ba za ta zuba lokacinta a sabuwar fasaha ba. Wanda ya ƙi sabuntawa, in ji masu wannan ra'ayi, ba kansa kaɗai ya tsayar ba.

Sai batun tsaro. Manhajar kallo na ɗauke da burauza a cikinta, tana buɗe shafukan intanet da bidiyo a jikin bangon da wani baƙo ya gina, kuma a cikinta ne kake rubuta kalmar sirrin asusun da ke haɗe da kuɗi. A Afrilun 2016 Apple ya daina kula da QuickTime na Windows alhali an gano ramuka a cikinsa, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta shawarci jama'a su cire shi. Second Life ta daɗe tana dogaro da QuickTime wajen nuna bidiyo, dole Linden Lab ya koma amfani da VLC. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai tsohuwar manhaja ba shi da hanyar sanin bangonsa ya tsage. Idan aka bar kowa da zaɓinsa a irin wannan, mafi yawa za su danna "daga baya" har ranar da za a yashe su.

Akwai kuma abin da masu rubuta manhajar ke faɗa, wanda masu amfani ba sa son ji. Linden Lab ba Microsoft ba ne. Duk tsohon kati da aka yi alkawarin ci gaba da tallafa masa yana nufin wata hanyar zane ta daban da za a riƙa gwadawa a kowane bugu. Ga Apple ya sanar tun 2018 cewa ya juya wa OpenGL baya, ya tsaya a kan 4.1. Ma'aikacin da ke kwana yana lallashin katin 2011 shi ne wanda da yana shirya wa ranar da OpenGL zai ɓace daga Mac.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mutanen da suka riƙe Second Life shekara ashirin ba samari ne masu kwamfutocin wasa masu walƙiya ba. Da yawansu manya ne, wasu sun yi ritaya, wasu nakasa ko jinya ta tsare su a ɗaki. Akwai al'umma guda, Virtual Ability, da ta kafu a ciki tun 2007 domin masu nakasa. Ga irin waɗannan, wurin nan ne majalisarsu, a nan suke zuwa jana'izar aboki, a nan suke taron mako. Kwamfutar da ke gabansu ita ce wadda suke da ita. Ka ce musu "ku sayi sabuwa" kamar ka ce su daina zuwa ne, sai dai ka faɗa cikin ladabi.

A Nuwamban 2023 aka gwada wannan a aikace. Linden Lab ya fitar da manhaja mai tsarin PBR, wanda ke sa ƙarfe ya yi ƙyallin ƙarfe, fata ta yi laushin fata, haske ya riƙa dawowa daga jikin abubuwa yadda yake yi a zahiri. An gina shi a kan glTF, ma'aunin da ƙungiyar Khronos ta tsara, wanda masu ƙira ke amfani da shi a wurare da dama. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai kafin wannan bugu akwai wani ɗan akwati a cikin saituna da mai raunin kati zai cire wa alama, manhajar ta koma tsohuwar hanyar zane mai sauƙi, babu inuwa, babu ƙyalli, amma tana tafiya. Da zuwan PBR aka cire akwatin da hanyar baki ɗaya. A shekarar ne kuma aka daina tallafa wa manhajar Windows mai bit 32, wato mafakar da SL_Launcher ke tura masu HD 3000.

Da farko ƙurar ba ta tashi sosai ba, domin mafi yawan mazauna ba manhajar kamfanin suke amfani da ita ba. Tun da Linden Lab ya buɗe lambobin manhajarsa ga jama'a a Janairun 2007, 'yan sa-kai ke gina nasu, kuma Firestorm ce ta fi kowacce jama'a. Sai a Yunin 2024, da Firestorm ta fitar da bugunta mai PBR, mutane suka ji a jikinsu. Fanka na kuka, laftof na zafi a cinya, hoto na tsalle-tsalle, bango ya daɗe a dishi-dishi kafin ya washe. Wanda jiya yake rawa a tsakiyar taro, yau da ƙyar surarsa ke juyawa, alhali bai canza komai a na'urarsa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa. Firestorm ba ta sabunta kanta a ɓoye, amma tana da ƙa'idar barin bugu uku na baya-bayan nan su yi aiki, ta toshe waɗanda suka girme su. Wannan karon sai ta ɗaga ƙafa ga 6.6.17, bugun ƙarshe marar PBR, jama'a kuwa suka yi ta komawa kansa. Shi ma Linden Lab ya kwashe sauran shekarar yana fitar da gyare-gyaren sauri, wasu ma sunansu ya tona asirin damuwar, DeltaFPS da ExtraFPS. Idan har ana iya samo wannan saurin bayan an yi kuka, me ya hana a nemo shi kafin a cire tsohuwar hanya? Masu adawa da sabuntawar dole suna cewa an gwada sabon tsarin ne a kan irin kwamfutocin da ma'aikatan kamfani da manyan masu ƙira ke da su, kuma abin da ya faru bai ƙaryata su ba.

Suna da wata hujjar da ba a cika kawowa ba: alƙalin da aka naɗa ya duba katin ba ya rasa kuskure. Shekaru da yawa manhajar kallo na ɗauke da wani dogon jerin sunayen katuna, kowanne da matsayinsa. Idan ka sayi kati sabo fil wanda sunansa bai shiga jerin ba, sai manhajar ta ce ba ta san shi ba, ta jefa ka saitin da ya fi kowanne ƙasa. Mai tsada ya sha wuya saboda sabunta, mai araha saboda tsufa. A 2014 aka watsar da jerin, aka koma yi wa katin ɗan gwajin sauri yayin tashi. Ya fi, amma bai kawar da matsalar ba. Laftof da yawa na da katuna biyu, na Intel mai tsimin batir da na Nvidia mai ƙarfi, kuma sau da yawa tsarin kan tayar da manhajar a kan mai raunin, a auna shi, a yanke hukunci, mai ƙarfin na kwance yana barci. Ko kuma Windows ya sabunta kansa da dare ya sauya direba, da safe a ce maka katinka bai dace ba, alhali jiya da shi ka kwana a ciki. A ƙarshen 2014 wani direban AMD ya sa tufafi da jikunan mesh ɓacewa daga idon masu katin, suka riƙa ganin kawuna da takalma na yawo. A irin waɗannan ranaku maganin da ke aiki shi ne komawa baya, tsohon direba ko tsohuwar manhaja, kuma shi ne ainihin abin da sabuntawar dole ke hanawa. Ita kanta SL_Launcher ba ta daɗe a yadda ta zo ba. Waɗanda suka maƙala manhajar kallo kai tsaye a gindin allo sun yi ta samun gargaɗin cewa ba ta nan ake shiga ba, daga baya aka juya tsarin, manhajar kallo ta fara tashi sannan ta kira mai duba sabuntawa.

Wannan magana ba ta Amurka da Turai kaɗai ba ce. ThinkPad T420 da Latitude E6420 da EliteBook 8460p, kwamfutocin ofis na 2011 masu HD 3000, su ne irin waɗanda suka ƙare a shagunan na hannu a Ikeja da titin Beirut a Kano, ɗalibai suka saya suna aikin makaranta da su. Abin da kamfani a San Francisco ya kira tsohon yayi, a nan shi ne kwamfutar farko ta wani. Kuma wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, yana kallon batir saboda an ɗauke wuta, ba ɗaya yake da mai intanet marar iyaka ba idan manhaja ta fara sauke sabon bugu a bayan fage ba tare da ta tambaye shi ba.

Masu goyon baya za su ce ai ƙofa a buɗe take: wanda bai so ta kamfani ba ya koma ta 'yan sa-kai, akwai ma irin su Cool VL Viewer da suka riƙe tsohuwar fuskar manhajar. Wannan amsa rabinta gaskiya ne. Manhajojin waje na rayuwa ne da yardar Linden Lab. A 2010 ya haramta Emerald, wadda ta fi kowacce farin jini a lokacin, bayan an gano an yi amfani da shafin shigarta wajen tura cunkoso kan shafin wani, kuma haramcin ya dace. A 2012 ya ƙara ƙa'idar cewa manhajar waje ba za ta kawo abin da zai sauya yadda kowa ke ganin duniyar ba sai da amincewarsa. Sannan duk ranar da ya sauya wani abu a manyan kwamfutocinsa, kamar ƙaurar muryar hira daga Vivox zuwa WebRTC da ya sanar a 2024, tsohon bugu na rasa wannan sashe ko an toshe shi ko ba a toshe ba. Mai 6.6.17 ma, ko ba a kore shi ba, kullum ƙarin kayan PBR ke cika kasuwa, yana ganin abin da mai ƙira ya tanadar wa tsofaffin manhajoji ne, in ya tanada. Mafakar tana yoyo a hankali.

An gwada wata hanyar, a zana hoton a wata babbar kwamfuta can nesa a turo maka shi kamar bidiyo, ta yadda katinka ba shi da aiki. SL Go na kamfanin OnLive ya yi haka a 2014, ya mutu a 2015 da Sony ya sayi haƙƙoƙin fasahar OnLive aka rufe shi. A farkon 2025 Linden Lab ya dawo da tunanin da sunan Project Zero, ta cikin burauza. Yana sauke nauyi daga kan kati ya ɗora shi kan layin intanet da kuɗin haya na manyan na'urori. Ga wanda matsalarsa ta fara daga aljihu, an sauya masa wurin ciwo ne kawai.

Ni dai a nawa ganin ɓangarorin biyu na cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne, kuma kamfanin ne ya fi amfana da cakuɗawar. Idan rami ne na tsaro, a tilasta, ba na ganin abin gardama, sai dai a faɗa wa mutum dalili cikin jimla ɗaya da zai gane. Idan sauyi ne irin na mesh, wanda rashinsa zai sa mu biyu mu tsaya a wuri ɗaya muna ganin abubuwa daban, nan ma dole ta halatta bayan an ba da wa'adi mai tsawo. Amma yadda haske ke sheƙi a kan ƙarfe ba ya cikin waɗannan. Manhaja na iya karanta kayan glTF ta zana shi da launinsa kawai, babu ƙyalli, mai raunin kati ya ga kujera a matsayin kujera ya zauna. Linden Lab ma ya san wannan dabara. A 2016 ya ba kowa damar sa iyaka ga nauyin surar da katinsa zai zana, duk wanda ya wuce iyakar sai ka gan shi da launi ɗaya kamar alewa. Ba wanda aka kora, mai ƙarfi ya ga ado, marar ƙarfi ya ga mutum.

Na yarda riƙe hanyar zane biyu na cin ma'aikata da lokaci, kuma wanda bai taɓa neman ƙwaro a manhaja mai shekara ashirin ba bai kamata ya raina wannan ba. Ba na kuma cewa a ci gaba da ɗaukar katin 2011 har abada, musamman wanda mai ƙera shi ya yasar tun 2015, laifin da ya kamata Intel ya ɗauki kasonsa a ciki. Abin da nake ƙi shi ne tsarin lokacin. An rushe tsohuwar hanya a 2023, aka zo ana gyara sabuwar don masu rauni a 2024. Da an juya su, da yawancin rigimar ba ta taso ba.

Game da 'yar manhajar tayarwa kuwa, ba ita ce abokiyar gaba ba. Irinta ce ma kaɗai ke iya ganin katin mutum kafin a taɓa komai, don haka ita ta fi cancanta ta ce: wannan bugu zai yi wa na'urarka nauyi, ga girmansa, ga ranar da tsohon zai daina aiki, ka sauke yanzu ko ka jira. Ta ajiye bugun da ya gabata a gefe, in sabon ya ƙi tashi a koma. Ta nuna sunan katin da ta gani, domin mai laftof mai katuna biyu ya gane cewa ta auna wanda bai dace ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabuwar fasaha.

Kuma za a sake bukatarsu nan ba da jimawa ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar mafi yawan ƙwaƙwalen Intel da suka girmi ƙarni na takwas. OpenGL bai sake samun sabon bugu ba tun 4.6 na 2017, hankalin Khronos ya koma kan Vulkan. Duk ranar da Second Life ta ƙaura daga OpenGL, katunan da ba su da direban sabon yaren ba za su yi jinkiri ko zafi ba kamar na 2024. Ba za su tashi ba sam, kuma a wannan karon babu saitin da za a rage.